Janareta ko inbata? Amsa ga ɗan'uwanmu da ya tare a Agege

Ɗan'uwa da ya taso daga Zariya ya kama ciki da falo a Agege, yake tambaya ko janareta zai fara saya ko inbata da batir, barka da zuwa, Allah ya sa ka shigo Legas a sa'a. Inbata za ka saya. Sai dai kada ka fitar da ko kwabo sai ka san awa nawa layinku yake samun wuta, domin inbata ba ya ƙirƙirar wuta, wadda aka kawo yake tarawa ya ajiye maka.

Kamfanin wuta biyu ne suka raba Legas tun da aka sayar da PHCN, wato tsohuwar Nepa, a 2013. Ɓangarenku na Agege, Ikeja, Abule Egba har Ikorodu yana hannun Ikeja Electric, su kuma Obalende, Apapa, Lekki da Ojo suna hannun kamfanin Eko. An kasa layuka rukuni-rukuni: rukunin A an yi masa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Wannan a takarda ke nan. Ainihin abin da ke faruwa a layinku, mai aski ko mai cajin waya na bakin titi ne zai faɗa maka, don su ne rashin wuta yake taɓa wa aljihu kullum. Idan suka ce ana samun awa takwas zuwa sama, ko da a rarrabe ne, batirinka zai riƙa cika, magana ta ƙare.

Nawa inbata ne mai ƙarfin kVA 2.5 da batir biyu masu ruwa, dogayen nan masu amfiya 220. Ranar da na san na yi sayayya mai albarka wani dare ne cikin azumi, lokacin da zafin Legas ya kai maƙura. Kai da ka fito daga Arewa za ka ce ka san zafi, to na nan daban ne, gumi ne mai danƙo wanda ko wanka ba ya kore shi, ga sauro ya hana ka buɗe taga. Taransifomar unguwarmu ta lalace tun la'asar. Mahaifiyata ta zo ganin likita tana wurinmu, hawan jini yana damunta, ƙara kaɗan ce take hana ta barci. Da aka ɗauke wutar ko ƙwan falo bai ƙifta ba. Fanka ta kwana tana juyawa a kanta, yara suka yi barcinsu, uwargida ta tashi ta ɗumama abin sahur da haske, babu mai laluben tocila. Bayan asuba tsohuwa ta ce ita fa ba ta san an ɗauke wuta ba, ta yi ta sa mini albarka. Wannan natsuwar ba ta da farashi a wurina.

Ga lissafin, don kada ka ɗauka daɗin baki ne. Batir mai bolt 12 da amfiya 220 yana riƙe wat 2,640 na awa guda, biyu kuwa 5,280. Batir mai ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, in ana zuƙe shi ƙaf zai mutu da wuri, kuma inbatan kansa yana cin wani abu. Fanka biyu, ƙwai biyar masu tsimin wuta, talabijin da cajin waya ba za su wuce wat 300 da yawa ba. Ka ga kana da awa bakwai ko sama da haka, idan kuma ka kashe talabijin da ƙwai ka kwanta, fanka za ta kai ka safiya. Abin da ba za ka jona masa ba shi ne duk abin da ke yin zafi: dutsen guga, hita, rishon lantarki. Ka sa mai haɗa wuta ya ware waɗannan soket ɗin tun ranar farko, in ba haka ba wata rana yaro zai jona dutsen guga ya kashe maka komai. Firji ƙarami zai ɗauka, amma da rana.

In kuɗinka ya kai, batirin litiyom ya fi. Ana shan kashi 80 cikin 100 nasa ba tare da ya ji jiki ba, ba a zuba masa ruwa, yana shekaru fiye da mai ruwa nesa ba kusa ba, kuma ranar da mai gida ya ba ka takardar tashi za ka iya ɗaukarsa ba tare da ka nemi ƙarti ba. A garin da ɗan haya ba ya da tabbas, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Janareta kuwa, ina da ƙaramin Tiger ɗin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, yana nan a ƙarƙashin bene ya yi ƙura. Amfaninsa ɗaya da ba zan musa ba: yana da arha ranar saye. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kowane dare sai ka ƙona kuɗin cefane. Ga kanikawa, ga rigima da maƙwabta. Wanda zan ce ya sayi janareta sai mai layin D ko E da bai da halin sa sola, ko mai injin niƙa ko babban firiza na sayar da ƙanƙara. In ya zama dole, don Allah kada ka kunna shi a baranda, ko lungun ɗakuna, ko gindin taga don tsoron ɓarayi. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, mutane kwanciya suke yi ba su tashi ba, an sha rasa iyali guda a haka.

Faifan sola ka jinkirta shi tukuna. Ranar Legas ba irin ta Zariya ba ce, daga Afrilu zuwa Yuli hadari yakan rufe sama kwana da kwanaki, kuma ba kowane mai gida ne zai bari a hau masa rufi ba. Ka dai sayi inbatan da ke da wurin jona sola, in ka zauna da gindinka sai ka ƙara.

Akwai maganar mita, wadda baƙi da yawa ba sa lura da ita. Cajin batir wuta yake ci, in kuwa mita ɗaya kuke rabawa da sauran 'yan haya, za a ce kai ne kake shanye kati, zaman lafiya ya ƙare. Ka nemi mitarka mai kati, ko ƙaramar mita da za ta nuna abin da ɗakinka ya ci. Sannan ka sayi wutar ɗan kuɗi kaɗan da lambar mitar ka duba rasit: idan wanda ya tashi ya bar bashi, za ka ga ana zaftare maka. Ka kai wa mai gida ko wakilinsa maganar yanzu da kuɗin hayarka bai huce a hannunsa ba. In layinku rukunin A ne, ka san cewa tun Afrilun 2024 yunit ɗaya ya haura naira 200, amma ko a haka bai kama ƙafar kuɗin fetur ba.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa. Harkar batir cike take da maha'inta, kuma suna gane baƙo daga lafazinsa. Akwai masu wanke tsohon batir su fesa masa fenti su manna sabuwar takarda. Akwai masu rubuta 220 a kan wanda bai kai 150 ba. Batir mai ruwa na gaskiya mai amfiya 220 yana kusan kilo 60, in ka ɗaga shi da hannu ɗaya cikin sauƙi, ajiye musu kayansu. A litiyom kuma akwai masu cusa tsofaffin ƙwayoyi cikin sabon akwati. Kada ka bi yaran da ke tare mutane a bakin kasuwa suna cewa shagon yayansu ne, ladansu a cikin kuɗinka za a cire. Ka je wurin dila mai shago tsayayye, ka duba ranar da aka ƙera batirin, a rubuta lambarsa a rasit da katin garanti. A jona wa inbatan fanka a gabanka, in ka ji tana gurnani to wutarsa ba lafiyayya ba ce irin ta Nepa, zai lalata maka firji. Ka tafi da mai haɗa wuta wanda kai za ka biya, ba wanda mai shago ya haɗa ka da shi ba. In ka tambaya a masallacin unguwarku bayan magariba, ba za ka rasa wanda jama'armu suka yarda da aikinsa ba.