Minzar, yanka ko robot: kafin ka sa hannu a takardar tiyatar hanji

Ranar da likita ya ɗora hoton cikin Kawu a allo, abin da ya ce shi ne ƙarin ya ratsa bangon babban hanji, ya kama kaluluwar da ke kewaye da shi, amma bai kai hanta ko huhu ba. Wato ciwon ya yi nisa a inda yake, bai dai yi tafiya ba. Ana warkewa a wannan mataki. Tun da aka yi wa Kawu aiki, duk wanda aka ce masa sankarar hanji a unguwar Share Mansur da ke Makka sai a turo min shi, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya huta. Ciwon kuma ba baƙo ba ne, shi ne kan gaba cikin sankarar da ke kama maza a Saudiyya.

Hanya uku za a shimfiɗa maka: a yanka ciki a buɗe, ko a yi minzar (aiki da kyamara ta ƙananan huda), ko a yi da robot (na'urar da likita ke sarrafawa ta riƙe kayan aikin). Ni minzar nake so, kuma ba na ɓoyewa.

A minzar, ana huda ciki wuri huɗu ko biyar, kowace huda ba ta wuce faɗin ɗan yatsa ba. A hura iska cikin ya tashi kamar ganga, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana kallon allo. Idan ya gama raba hanjin, sai ya yi 'yar tsaga kamar santimita 5 ya zaro ɓangaren da ya lalace. Jini ba ya zuba da yawa, hanji yana saurin farkawa, zaman asibiti gajere ne. Washegari aka tayar da Kawu ya taka a baranda, yana riƙe da sandar ƙarin ruwa yana mita. Abin dariya, kafaɗa ya fi kuka da ita. Ya ce min, "Ɗana, ciki aka taɓa ko kafaɗa?" Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, iskar da aka hura ce, za ta baje." Kwana biyu ta baje. Sati uku bai cika ba ya daina salla a kan kujera, ya kai goshi ƙasa.

Saurin tashi yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Wanda ciwon ya kama masa kaluluwa yana buƙatar kimawi, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, bayan aiki, kuma ana so a fara cikin sati 6 zuwa 8. Miki mai ruwa yana iya cinye wannan lokaci.

Tsofaffinmu suna tsoron cewa ta ƙaramar kafa ba za a kwashe ciwon duka ba. Likitoci ma sun yi wannan tsoro bayan an fara aikin a 1991, har sai da babban binciken Amurka na 2004 ya nuna dawowar ciwo kusan ɗaya ce tsakanin minzar da yanka. Na Turai mai suna COLOR II, kan sankarar dubura, ya fito a 2015 da mutum 1,044: bayan shekara uku, kashi 5 cikin ɗari ne ciwon ya dawo musu a wurin, a kowane ɓangare. Sai dai akwai wani hanzari. Waɗannan bincike ba su ɗauki mutanen da ƙarinsu ya manne da mafitsara ko mahaifa ko bangon ciki ba. Irin wannan, tare ake cire ƙarin da abin da ya manne wa, dunƙule guda, ba a ɓanɓarewa. A nan hannun likita ya fi na'ura muhimmanci. Tambaye shi aikin hanji nawa yake yi da minzar a shekara, kuma me zai yi idan ya shiga ya tarar abin ya fi ƙarfin kyamara. Namu ya ce, "Sai in buɗe, kuma ba zan ji kunya ba." A kan wannan amsar muka sa hannu. Wanda ya rantse maka ba zai taɓa buɗewa ba, ɗauki takardunka ka fita.

Yanka kuwa, shi ne na wanda hanjinsa ya toshe ko ya fashe, ko ƙarin ya kama maƙwabta sosai. Idan an ce shi, kada ka yi gardama. Robot minzar ne da ya sa babbar riga: binciken ROLARR na 2017 bai nuna ya fi minzar rage komawa ga yanka ba, ga tsada, ga jiran amincewar kamfanin inshora.

Kafin ma a zo kan wuƙa, a duba ko za a fara da magani. Sankarar dubura da ta yi nisa, MRI ake yi, galibi a fara da gashin haske da kimawi ƙarin ya motse. A babban hanji ma, binciken FOxTROT na Ingila ya nuna amfanin kimawi na sati 6 kafin aiki ga wasu. Ka tabbata kwamitin likitoci ne ya zauna a kan fayil ɗinka. Ka yi maganar jakar bayan gida da ake liƙawa a ciki tun da wuri, ko ta wucin gadi ce ko ta dindindin.

Yanzu ga inda na ƙone. Kafin mu kai ga wannan likita, wata uku muka zubar. Wani dillali, ɗan'uwanmu Bahaushe mai tasbaha a hannu, ya ce yana da hanya a wani asibitin kuɗi a Jidda inda ake "narka" ƙari da lesa, ba huda ba jini. Ya karɓi riyal dubu huɗu na buɗe fayil, kullum sai ya ce bukra in sha Allah, wato gobe. Babu wata lesa da ke narka sankarar da ta ratsa bangon hanji. Waɗannan mutane sun san baƙo mai igama, wato takardar izinin zama, ba ya shiga manyan asibitocin gwamnati yadda ɗan ƙasa ke shiga, sun san wanda takardunsa ba su cika ba yana tsoron kai ƙara, a kan wannan tsoron suke kiwo. Muna jiran bukrarsa, wata hajiya ta kawo jarka: zuma, habbatus sauda da fitsarin raƙumi. Zuma da habba ba na faɗa da su, Kawu har gobe yana sha. Amma ba sa cire ƙari, kuma tun ɓullar cutar MERS, wadda ake iya ɗauka daga raƙuma, a Saudiyya a 2012, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan ɗanyen nonon raƙumi da fitsarinsa. A wata ukun nan wandon Kawu ya koma sai da igiya.

Akwai kuma masu tallan "minzar" da ke nufin leƙen hanji ta dubura kawai, wanda gwaji ne, su bar ka kana zaton kuɗin tiyata ka biya. Akwai masu farashi mai daɗi wanda babu kuɗin kwanciya, babu na ɗakin kulawa ta musamman, babu na gwajin naman da aka cire. Wannan gwajin na ƙarshe kada ka yafe shi, a hannunka za a ba ka. Ka duba an ƙirga kaluluwa aƙalla 12, kuma an rubuta cewa bakin yankan ya fita tsaf. Kuɗi a kan kantar asibiti ake biya da rasit, ba a aljihun kowa ba. Sunan likita ana duba shi a rajistar hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya, ƙorafi kuma a kira lambar ma'aikatar lafiya, 937.

Dillalin namu ya canja lamba. Makon jiya na ga saƙonsa a wani zauren WhatsApp, yanzu dashen ƙoda yake talla.