Hoton Oba Ovonramwen ya yi kyau, amma rubutun da ke ƙasansa ya ɓata mini rai

Wata biyu ke nan da na sayi hoton Oba Ovonramwen, sarkin Benin, daga wani shago da ke sake buga tsofaffin hotuna yana sa su a firam, domin in rataye shi a ɗakin karatuna. Hoton shi ne wanda aka ɗauka a 1897 a cikin jirgin ruwa mai suna Ivy, bayan da Turawan Ingila suka ci birnin Benin da yaƙi, suka tasa ƙeyar sarkin zuwa Kalaba, inda ya zauna har rasuwarsa a 1914.

Ranar da hoton ya iso na yi farin ciki ƙwarai, domin takardar tana da kauri, kuma an bar masa launin ƙasa-ƙasa irin na hotunan wancan zamani. Ga sarkin zaune a kujera, ga sojoji tsaye suna gadinsa, kuma fuskarsa ta fito tangaran, har mutum ya ga cewa bai sunkuyar da kai ba. Nan take na aika wa mai shagon saƙon godiya.

Sai da na zo ratayewa na karanta ɗan rubutun da suka liƙa a ƙasa, wanda ya ce wai wani Baturen Ingila ne ya ɗauki hoton. Wannan kuskure ne babba. Wanda ya ɗauke shi shi ne Jonathan Adagogo Green, ɗan ƙabilar Ijaw, mutumin garin Bonny da ke yankin Neja Delta, wanda aka haifa a 1873 ya kuma rasu a 1905 yana da shekara 32 kacal. Ya ɗauki hotunan jami'an mulkin mallaka da Turawa 'yan kasuwar manja, haka kuma sarakunan yankinsa da iyalansu, kuma da yake J. A. Green kawai yake sawa a hatiminsa, an daɗe ana yi masa ɗaukar Bature. Abin da ya ƙona mini rai shi ne a ce shagon da ke cin abinci da aikin bawan Allahn nan bai san ko shi wane ne ba.

Da na kira mai shagon, cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, ai Green sunan Turawa ne." Na yi masa bayani dalla-dalla, ya ba ni haƙuri, ya kuma yi alkawarin aiko da gyararren rubutu cikin mako guda. Yau mako bakwai ke nan babu labari, kuma wannan ya tuna mini cewa shi kansa hoton sai da ya makara da kwana goma, abin da na yafe tun farko saboda kyan aikin.

Na yi niyyar sayen wasu hotunan Green guda uku daga wurinsu, amma na fasa. Rubutun nasu kuwa na ɓamɓare shi, na rubuta cikakken sunan mai hoton da garinsu da hannuna, na liƙa a wurin.