Kafin ka sayi antibirus, tambayi abin da yake yi idan ya yi kamun kuskure

Wata Asabar da hantsi wani mai shagon kayan babura da ke bayan babbar kasuwar Maraɗi ya kira ni, hankalinsa a tashe. Manhajar da yake rubuta bashi da lissafin kaya a ciki ta ƙi buɗewa. Wani ɗalibin jami'a ne ya haɗa masa ita, ta shekara biyu tana aiki lafiya lau. Da na isa sai na tarar gunkinta na nan a fuskar kwamfuta, amma fayil ɗin da ke bayansa ya yi ɓatan dabo. Ashe sabon antibirus ɗin da ya saya ne ya ɗauke shi, wai birus ne. Allah ya sa killace shi ya yi, bai goge ba, cikin minti biyar muka maido shi. Mutumin ya dube ni ya ce, "Malam, wato da kuɗina na ɗauko maigadin da zai hana ni shiga shagona?"

Irin wannan ƙazafi yana da dalili. Antibirus ba da sanannun kamannin birus kaɗai yake aiki ba, har da zato: yana duba halin manhaja, ko tana da sa hannun kamfanin da ya yi ta, da yawan kwamfutocin da aka taɓa ganinta a kai. Manhajar da yaro ɗaya ya rubuta a Maraɗi, ba sa hannu, shago uku kaɗai ke amfani da ita, baƙuwa ce a wurinsa, kuma baƙo shi ake fara zargi. Manyan ma ba su tsira ba. A Afrilun 2010 antibirus ɗin McAfee ya ɗauki svchost.exe, wani jigon fayil na Windows XP, a matsayin birus, kwamfutoci masu ɗimbin yawa suka riƙa mutuwa suna tashi. A 2015 antibirus ɗin Panda ya killace fayilolin kansa. A Satumban 2022 Defender na Microsoft ya yi ta ihu a kan Chrome da Edge, manhajojin shiga intanet, alhali Edge ɗan gida ne. Saboda haka duk mai sayarwar da ya rantse maka nasa ba ya kuskure, ciniki yake nema.

Na farko da za ka auna shi ne wanda kake da shi: Microsoft Defender, da ke zuwa cikin Windows 10 da 11 ba ko dala. Ga mai kwamfuta ɗaya a gida ko ofis, ni a ganina ya wadatar. Idan ya kama abu, za ka same shi a Sécurité Windows, ƙarƙashin Historique de protection, ka maido shi daga nan. Rauninsa biyu ne. Ya dogara sosai da intanet wajen yanke hukunci, don haka kwamfutar da ke yin mako ba a haɗa ta ba, kamar yawancin na shagunan buga takardu, ba ta samun cikakken ƙarfinsa. Sannan yana da saurin zargin ƙananan manhajoji marasa sa hannu. Masu gyara sun saba ganin ya laƙaba wa fayil sunan birus Wacatac da ƴar wutsiyar "!ml" a ƙarshe, wutsiyar nan tana nufin na'ura ce ta yi hasashe, ba wani ne ya zauna ya tantance fayil ɗin ba.

Na kyauta irin su Avast da AVG da Avira, suna uku ne amma gida ɗaya, duk suna ƙarƙashin kamfanin Gen Digital. Suna kamu, ba laifi, sai dai tallar "sayi na kuɗi" ba ta ƙarewa, har mai kwamfuta ya saba danna maɓallin rufewa ba tare da karantawa ba, ranar da gargaɗin gaske ya zo shi ma ya rufe shi. A 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa Avast biyan dalar Amurka miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta. Araha dai ba ta ado.

Na kuɗi su ne suka fi dacewa da mai sibar, ko lakkol mai ɗakin kwamfutoci, ko duk wanda kile (USB) ashirin ke shiga na'urarsa a wuni. ESET na ƙasar Sulobakiya ba shi da nauyi, abin da tsofaffin kwamfutocinmu na hannu ke so, kuma yana ba ka damar saita shi dalla-dalla. Bitdefender na Romaniya yana da ƙarfin kamu, amma tsarinsa na yanke hukunci shi kaɗai ne ba tare da yawan tambaya ba, sai ka riƙa leƙa ɗakin killacewarsa. Kaspersky na Rasha ya daɗe yana cikin masu ƙarancin ƙazafi a gwaje-gwaje, kodayake Amurka ta haramta sayar da shi a ƙasarta a 2024. Haramcin bai shafi Nijar ba, amma wanda ke aiki da ƙungiyoyin waje ya fara tambayar ko sun yarda da shi. Smadav kuwa, ɗan Indunusiya da kowane mai sibar ya sani, mataimaki ne kawai wajen birus ɗin kile mai ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi. Kada a bar masa gadin gida shi kaɗai. Manyan antibirus biyu kuma ba a haɗa su a kwamfuta ɗaya. Shi ya sa Defender ke ja da baya da kansa da zarar ka saka wani.

Wanda ke son hujja ya duba sakamakon cibiyoyi biyu masu zaman kansu, AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya da AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus. Dukansu suna ƙirga yawan fayiloli masu tsabta da kowane antibirus ya yi wa sharri. A duba na bana, domin matsayin yana sauyawa. A wurin mai sayarwa kuma, tambayi: lasisin na kwamfuta nawa ne, na wata nawa, kuma an taɓa kunna lambar? Wasu lambobin an ɗaure su da yanki, saboda haka kwalin da aka shigo da shi ta Ɗan Isa ko wata hanya, a kunna shi a gabanka kafin ka ƙirga kuɗi. Sai babbar tambaya: ya nuna maka inda ake saita shi ya killace maimakon ya goge, da inda ake keɓe fayil, wato a ce masa ya daina taɓa shi. Idan ya fara sosa ƙeya, nemi wani.

Masu gyaran waya su ne suka fi shan wahalar kamun kuskure. Manhajojin filashin (sake ɗora wa waya manhajarta) da na cire kulle galibi a nannaɗe suke don kada a kwafe su, irin nannaɗewar da masu birus ke yi, don haka ihun ba ya ƙarewa. Amma a yi gaskiya: manhajar filashin SP Flash Tool da aka sauke daga tushe mai kyau daban, wadda aka fasa aka turo ta WhatsApp daban. Haka ƴar manhajar nan da ake kunna Windows ko Office da ita ba lasisi. Idan antibirus ya kira ta HackTool, wato kayan kutse, sunanta ya faɗa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai gyara ya ware tsohuwar kwamfuta ɗaya don wannan aiki, kada ya buɗe asusun banki ko imel a cikinta.

Idan shakka ta zo, akwai VirusTotal, mallakar Google tun 2012, inda antibirus kusan 70 ke duba fayil ɗaya kyauta. Biyu ko uku sun yi ƙorafi da sunaye irin "Generic" ko "Heur", sauran sun yi shiru, yawanci zato ne. Talatin sun haɗu a kan suna ɗaya, goge shi. Kada dai ka ɗora takardun sirri, domin masu bincike suna iya ganin abin da aka ɗora.

Haka muka yi wa manhajar mai kayan babura: biyu kaɗai suka zarge ta. Muka keɓe fayil ɗin shi kaɗai, ba dosiyen Téléchargements (inda abin da aka sauke ke taruwa) gaba ɗaya ba kamar yadda ya so, domin nan ne ƙofar da kowace ƙazanta ke shigowa. Na sa ɗalibin ya aika fayil ɗin ga kamfanin antibirus ta shafinsu na ƙorafin kamun kuskure, mai shagon kuma ya sayi kile na musamman da yake kwafe littafin bashinsa duk ranar Juma'a kafin ya tafi masallaci.