Ajin WhatsApp da ya warware mini matsalar dalma

Wata guda ke nan da na biya kuɗin wani ajin kimiyyar sinadarai da ake yi ta WhatsApp, saboda jarrabawar WAEC da ke gabana. Dalma ce ta kai ni. Sodiyam da kalsiyam kowa cajinsa na lantarki ba ya canzawa, ita kuwa dalma yau +2 ce, gobe +4, kuma tun aji biyu na babbar sakandare take kayar da ni.

A bidiyon farko malamin ya ce in daina hadda, in duba lambar Romawa da ke jikin sunan sinadarin, ita ce cajin. Idan II ce, Pb²⁺ (dalma) ya haɗu da O²⁻ (oksijin), caji ya kashe caji, PbO ke nan. Idan IV ce, ka musanya lambobin ka samu Pb₂O₄, ka rage su zuwa PbO₂. Wannan ragewar nake mantawa kullum, ta sha cinye mini maki. Ya kuma nuna dalilin sa baka a Pb(NO₃)₂: naitiret ƙungiya ce mai caji −1, biyu ake bukata, dole a ɗaure ta kafin a rubuta 2.

Inda ya fi burge ni shi ne ranar da ya nuna dutsen kwalli a tafin hannunsa, mai ƙyalli toka-toka, ya ce mu rubuta masa alamarsa. PbS ce, dalma da farin wuta, irin wanda kakata ke dakawa ta zuba a tandu. Daga nan ya gangaro kan gubar dalma ta 2010 a Zamfara, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sanadin niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. A daren na ɗauke tandun ƙanwata.

Ƙorafina biyu ne. Bidiyon na shan data sosai. Sannan idan malamin ya buga amsa da yatsa, ƙananan lambobin sai su hau layi ɗaya da haruffa, har wata ɗaliba ta ɗauka 2 ɗin da ke PbCl2 caji ne ba adadi ba. Da a takarda yake rubutawa ya ɗauki hoto, da ya fi.

Na sake biya na wata mai zuwa, ƙarfe da tagulla za mu shiga.