Danjar babur mai rawa: gam da waya, ko noti da roba?

Malam, ka ce danjar babur ɗinka ta fara rawa, kana jin ta tana kaf-kaf idan ka hau hanya mai gargada, wani lokacin ma tana ƙiftawa. Ka ce shawara biyu aka ba ka: wani ya ce ka zuba mata gam ka naɗe da waya ka huta, wani kuma ya ce a kwance ta a gyara mazauninta da sabon noti da roba. Na taɓa bin hanyoyin nan duka biyu, kuma akwai wadda na fi so. Amma kafin ka zaɓa, sai ka gano abin da ya saki tukuna, domin rawar danja ba ciwo ɗaya ba ne.

Kafe babur ɗin, ka kashe shi, ka kama danjar da hannu ka girgiza. Idan ita da ƙarfen da ke riƙe da ita suna motsi tare, notin da ya ɗaure ƙarfen a madigadi ne ya kwance. Idan ƙarfen yana tsaye daram amma gidan fitilar na lilo, to ko robar cikin ramin noti ta cinye, ko kunnen gidan ya tsage. Idan jan murfin ne kaɗai ke motsi, sukurorinsa ne, wannan aikin minti ɗaya ne da sukundireba. Idan kuwa babu abin da ke motsi amma wuta na ƙiftawa, matsalar ƙwan fitilar ce ko wayar wuta.

Dalilin da ya sa danja ta fi sauran fitilu saurin saki shi ne inda take zaune. Tana can ƙarshen wutsiya, nesa da tsakiyar babur, kuma duk girgizar inji da ta hanya a can take ƙarewa, kamar yadda bakin doguwar sanda ya fi gindinta kaɗawa. Babur mai silinda ɗaya kuwa dama ya fi jijjiga. Shi ya sa masu ƙerawa ba sa manna danja kai-tsaye a jikin ƙarfe. A yawancin ƙananan babura noti biyu ko uku ne masu kaurin milimita 6, waɗanda sifana mai lamba 10 ke kamawa, kowanne ya ratsa ta cikin wata roba mai kauri, sau da yawa da ɗan bututun ƙarfe a tsakiyarta. Wannan robar ita ce ke shanye girgiza. Rana da shekaru kan busar da ita ta tsattsage, sai a samu rata, noti ya fara wasa, daga nan ya warware kansa.

To, mu ɗora su a sikeli. Gam da waya sun fi sauri, babu musu. Idan dare ya yi maka a hanya kuma danja na shirin faɗuwa, ɗaure ta da abin da ka samu, ko waya ko igiyar roba mai haƙora, ka isa gida lafiya. Noti da roba kuwa suna buƙatar ka zauna, ka cire siti ko kariya a wasu babura, ka kashe kamar rabin awa. Ta fuskar sauri ke nan, kuma a nan kaɗai hanya ta farko ta yi nasara.

Ta fuskar daɗewa labarin ya juya. Gam mai saurin kamawa, irin Super Glue, idan ya bushe ƙandarewa yake yi kamar gilashi, girgiza kuma ita ce babbar abokiyar gabarsa. Zai riƙe na ɗan lokaci, sannan ya ɓalle ya bar maka farin tabo a jan murfi. Waya ita ma tana da nata aibin: tana goga jikin gidan fitilar a hankali har ta yi masa zanen da zai zama tsaga, kuma idan ta bi ta kan wayoyin wuta tana iya feɗe musu riga, fis ya riƙa ƙonewa kana neman dalili. Sabuwar roba da noti mai kulle kansa, wato mai zoben nailan a bakinsa, suna mayar da danjar yadda aka ƙera ta: a riƙe take, amma tana da ɗan sararin numfashi. Idan ba ka samu robar asali ba, yanka tsohon tiyub na taya, ka huda, ka jera biyu ko uku sama da ƙasa, ka ɗora washa mai faɗi. Ba ta kai ta asali ba, amma ta fi gam nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da mai zuba gam ba ya tunawa sai ranar da ƙwai ya mutu. Ƙwan danja abu ne da ake canzawa. Wanda ya liƙe murfi da gam, ranar canji sai ya ɓanɓare, galibi kuma a nan murfin ke fashewa. Mai noti kuwa ya kwance ya mayar.

Kuskuren da na fi gani ga masu bin hanya ta biyu shi ne ɗaurin ƙarfi. Mutum ya ga abu na rawa, sai ya danne sifana iya ƙarfinsa. Ni ma na taɓa yi, na ji "ƙas", kunnen gidan ya tafi. Idan akwai bututun ƙarfe a cikin robar, ɗaura har noti ya zauna a kansa ka tsaya. Idan babu, ɗaura har robar ta ɗan kumbura kaɗan, kada ta baje. Robar da aka matse ta baje ba ta shanye komai, duk girgizar sai ta wuce zuwa ƙwai, siririn zaren cikinsa ya riƙa tsinkewa.

Wani zai kawo maka maganar ruwan kulle noti, irin Loctite. Yana aiki, amma da sharaɗi biyu. Shuɗin za ka nema, domin shi sifana na iya kwance shi daga baya, jan kuwa sai an gasa notin da zafi, kuma ba ka son wuta kusa da gidan fitila. Na biyu, ƙarfe da ƙarfe ake sa shi. Idan ya ɗiga a kan robar gidan ko murfi yana sa ta tsattsage. Ɗigo ɗaya a haƙoran noti ya isa, kuma yana ɗaukar awa 24 kafin ya gama kamawa. Ni dai a danja na fi son noti mai nailan, babu ɗiga babu jira.

Wuri ɗaya ne gam ke da hurumi: idan kunnen gidan ne ya karye, domin a nan noti ba shi da abin kamawa. Shi ma ba mai saurin kamawa ba, mai haɗi biyu irin Araldite. Ka wanke wurin, ka kankare shi da sanfefa, ka ɗora ɗan gutsuren ƙarfe ko ragar waya a bayansa ya zama ƙashi, ka bar shi ya kwana. Idan kunnuwa biyu suka tafi, ko ruwa ya fara taruwa a ciki har mazaunin ƙwai ya yi tsatsa, kada ka wahalar da kanka, sauya gidan gaba ɗaya.

Tunda ka ce tana ƙiftawa, duba wuta tun danjar na kwance a hannunka. Ƙwan galibi mai zare biyu ne, 12V 21/5W: ƙaramin na tafiyar dare, babban na birki. Ƙusoshinsa biyu ba a layi ɗaya suke a jikin gindin ba, ɗaya ta fi ɗaya yin sama, don haka ta fuska ɗaya yake shiga, kada ka tilasta shi. Goge gindinsa da mazauninsa idan sun yi baƙi. Sannan ka bi wayar da ke komawa jikin ƙarfen babur, domin danja mai rawa takan sassauta ta. Alamar ta saki ita ce ka taka birki wutar ta dushe maimakon ta ƙaru, ko sigina ta riƙa haskawa tare da ita.

Idan ka mayar da komai, tayar da babur, ka sa wani ya tsaya a baya ka gwada birkin hannu da na ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Bayan mako guda kana hawa, sake ɗora sifana a notin, domin sabuwar roba takan ɗan zauna.