Illinois ko 69 Love Songs: wanne za ka fara saya?

Wani ƙanena da ke zaune a Agege ya tambaye ni wanne zai sa kuɗinsa a kai tsakanin kundayen waƙoƙi biyu na Amurka da masu sharhi suka daɗe suna kambamawa: Illinois na Sufjan Stevens da 69 Love Songs na The Magnetic Fields. Kowanne an gina shi kan jigo guda, kamar yadda makaɗin fada kan ɗauki tarihin masarauta ɗaya ya bi shi daki-daki.

Illinois ya fito a 2005, waƙoƙi 22, kusan minti 74, duk a kan jihar Illinois: garuruwanta, mutanenta, har da makashin nan John Wayne Gacy. Mujallar kiɗa ta intanet Pitchfork ta zaɓe shi kundin shekara. Masu saurare kuwa wasu sun yi ƙorafin tsawo, da gajerun kaɗe-kaɗen da aka cusa tsakanin waƙoƙi, da sunayen waƙa masu tsawon jimla. Ƙorafin yana da hujja. Amma ranar da na ji waƙar "Casimir Pulaski Day", inda Stevens yake makokin wata da ciwon dajin ƙashi ya ɗauke, da banjo da murya ƙasa-ƙasa, jikina ya yi sanyi har na sauka daga danfo. Wannan kundi ne da ake zama a ji shi daga farko har ƙarshe, da daddare, an sa abin ji a kunne.

69 Love Songs na 1999 ne: faifai uku, kowanne waƙa 23, kusan awa uku, duk a kan soyayya, Stephin Merritt, jagoran The Magnetic Fields, ya rubuta su kaf. Ya zo na biyu a ƙuri'ar masu sharhi ta jaridar Village Voice a shekarar. Sai dai da wuya ka samu wanda yake jin sa gaba ɗaya a zama guda. Wasu waƙoƙin raha ce zalla, wasu ba su kai minti ɗaya ba. Kowa tsintar nasa yake yi. Ya dace da sauraro a cunkoson gadar Third Mainland ta Legas. Akwai kuma kalaman da ba za ka so su tashi a gaban manya ba.

Kafin ka biya, ji su a Spotify, wanda ya shigo Najeriya tun 2021. In faifai kake so a hannu, leƙa shagon faifai na Jazzhole a titin Awolowo, Ikoyi, ka tambaya kafin ka yi oda daga waje, don da dala za ka biya, ga kuɗin aiko, kuma faifai uku sun fi ɗaya nauyin aljihu. Bugun farko na Illinois yana da hoton Superman a bango, daga baya aka cire shi. Kada ka ƙara kuɗi saboda hoto, kiɗan ɗaya ne.

Na ce wa ƙanen nawa ya sayi Illinois, ɗayan kuma ya bar shi a waya har ya gano waƙoƙi goman da za su zama nasa.