Wane Fikof Ya Dace da Jitarka Idan Kiɗa Mai Kaushi Kake Yi?

Mai kaɗa jitar lantarki da ke son metal ko rok mai nauyi, idan ya ji sautinsa ya cakuɗe, tsirkiyoyin ƙasa sun koma gurnani ba a rarrabe wannan da waccan, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne ya sayo fikof mafi ƙarfi, wato na'urar da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi mai ɗaukar sautinsu. Sau da yawa wannan ne ke ƙara dagula lamarin. Amfilifaya irin su Peavey 5150 da Mesa Boogie Dual Rectifier, da manhajojin kwamfuta da ke kwaikwayonsu, kaushin da ke cikinsu ya ishi kowa har ya yi saura. Abin da suke nema daga fikof shi ne sauti mai ƙwari, wanda ko an ƙure gen, wato mamurɗin da ke ƙara kaushi, ba zai narke ba.

A da ba haka abin yake ba. Lokacin da DiMarzio ya fito da Super Distortion a 1972, amfilifayar zamanin ba ta yin kaushi sai an ƙure ƙararta, don haka ake buƙatar fikof da zai ingiza ta da ƙarfin tsiya. Daga nan aka gaji tunanin cewa kiɗa mai nauyi sai fikof mai zafi. Kayan aiki sun canja, tunanin bai canja ba.

Fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Tsirkiyar ƙarfe na rawa a kansa, ya mayar da rawar tata lantarki. Duk sanda aka ƙara yawan naɗi, ƙarfi na ƙaruwa, amma kaifin sama na raguwa, tsakiya ta yi kauri. To ka ga fikof da aka cika wa naɗi, aka haɗa shi da amfilifaya mai kaushi, aka kuma sassauta tsirkiyoyi zuwa ƙasa, dole sauti ya yi laka.

Batun mai naɗi ɗaya ko mai biyu ba ya buƙatar dogon zance. Mai naɗi ɗaya yana kwaso ƙugin wutar lantarki, gen kuma ya ninka shi. Hambaka, wadda Seth Lover ya ƙera wa Gibson aka fara sa ta a jitocinsu a 1957, naɗi biyu gare ta masu saɓa wa juna, ƙugin ɗaya ya kashe na ɗaya. Ita za ka saya. In jitarka irin Stratocaster ce mai kunkuntar rami, akwai hambaka da aka matse daidai ramin, kamar Hot Rails ta Seymour Duncan, ba sai an sassaƙa katako ba.

Inda hanya ta rabu da gaske shi ne tsakanin mai batir da mara batir.

Mai batir, wanda EMG 81 ne sarkinsu, naɗinsa kaɗan ne, sai aka sa masa ƙaramar amfilifaya a ciki da batir mai bolt 9 ke ciyarwa. Shiru gare shi, ƙasansa a ɗaure tamau, kuma in ka danne tsirkiya da gefen tafin hannu kana sara da sauri, kowane bugu fitowa yake a yanke, ba ya hawa kan na bayansa. Shi ya sa shahararrun masu kaɗa jitar metal Kirk Hammett da Zakk Wylde suka daɗe a kansa. Aibinsa daga wannan alherin nasa ya fito: yana matse sauti, bugu a hankali da bugu da ƙarfi su kusa zama ɗaya, kuma jita biyu mabambanta in an sa musu shi sai su yi kama da juna. Wasu na haɗa batir biyu ya zama bolt 18 don sautin ya ɗan sami sarari. A gurbin fikof na kusa da wuyan jita ana haɗa shi da EMG 85 mai ɗumi, ko 60 wanda ya fi tsabta idan an kashe kaushi.

Fishman Fluence ya bi wata hanya dabam. Maimakon naɗin waya, da'irori ne da aka buga a kan siraran alluna aka jera su bisa juna, kuma fikof ɗaya na ba ka murya fiye da ɗaya in ka ja mamurɗi sama. Ga mai kaɗa salo iri-iri a dare guda, wannan ba ƙaramin amfani ba ne, sai dai ya fi EMG cin batir. Kowanne ka ɗauka a cikinsu, ka saba da zare waya daga jita in ka gama, domin muddin tana soke batir na aiki. Ranar da ya fara mutuwa za ka ji sautin ya sirance yana tsartsatsi ko da ba ka kunna kaushi ba.

Ka kuma yi lissafin aikin da ke gabanka. Komawa mai batir na nufin canja mamurɗan ƙara zuwa masu juriyar lantarki 25k, canja ramin soka waya, da nemo wa batir gurbi a bayan jita. EMG na sayar da nasa da wayoyin da ake sokawa ba solda, wanda ya rage wahala sosai.

Mara batir kuwa, nan ne zaɓi ya yi yawa, nan ne kuma na fi karkata ga wanda ke son hannunsa ya riƙa fitowa a sautinsa. Fara da maganaɗisu. Na seramik ƙasansa a tsuke yake, bugunsa da kaifi; alniko 5 ya fi zagaye da taushi, ya fi daɗin tsirkiya ɗaya-ɗaya idan ana jan ta tana kuka. Ba doka ba ce da ba ta karyewa, domin yadda aka yi naɗin na da nasa tasirin, amma mafari ne mai kyau.

Seymour Duncan JB, mai alniko 5, ya shiga faya-fayan rok da metal ba adadi. Tsakiyarsa ta sama na ratsa ganguna da bes ta fito fili, kuma ga solo da wuya ka kushe shi. Amma in ka sassauta tsirkiya sautinta ya sauka zuwa C ko B, ƙasansa kan saki. A nan Distortion, wato SH-6 mai seramik, ya fi shi riƙo, Nazgûl da Black Winter kuma don irin wannan saukewar aka yi su tun asali. Pegasus na wannan kamfani ƙarfinsa matsakaici ne, kuma shi nake nuna wa mai kama tsirkiyoyi biyar ko shida lokaci guda yana son a ji kowace a cikin kaushi. A wajen DiMarzio, D Activator an yi shi ne ya ba da kaifin mai batir ba tare da batir ba, Crunch Lab na John Petrucci ya fi kauri a tsakiya, shi kuwa X2N ƙarfinsa ya wuce abin da yawancin amfilifayar yau ke buƙata. Bare Knuckle na Ingila da hannu suke naɗi. Aftermath ɗinsu a bushe yake ƙwarai, wanda ke son sara mai tsinke zai ji daɗinsa, wanda ke son ɗumi zai ga ya yi masa tsauri.

Kada lambar om, wato ma'aunin juriyar wayar naɗi ga lantarki, da ake rubutawa a kwali ta ruɗe ka. Hambakar farko ta Gibson na kusa da 8k, JB na kusa da 16k, amma wannan ba ya nufin ya ninka ta ƙarfi. Siririyar waya na ba da lamba babba ko da naɗin bai fi yawa ba, kuma lambar ba ta cewa komai game da ƙarfin maganaɗisu.

Abin da ya fi lamba amfani shi ne ka san ciwon jitarka. Kunna ta yadda ka saba, ka saurara da kyau, ka faɗi abin da ke damunka a kalma ɗaya. In laka ce, nemi seramik mai matsakaicin ƙarfi ko mai batir. In kaifi ne ke soke kunne, alniko mai kaurin tsakiya. In kuwa kuka take yi mai tsini da zarar ka daina bugu kusa da lasifika, wataƙila naɗin ne ke rawa a ciki, sai ka tabbatar wanda za ka saya an tsoma shi a narkakken kaki. In kuɗinka na guda ɗaya ne, sa shi a gurbin da ke kusa da jaki, wato abin da tsirkiyoyi ke hawa kansa a jikin jita, domin nan ne kusan duk kiɗa mai nauyi ke fitowa.

Kafin ka biya, auna tazarar tsirkiyoyi a kan fikof ɗin jaki. Jita mai jakin Floyd Rose ko irin na Fender ta fi ta Gibson faɗi da 'yan milimita, Seymour Duncan na kiran mai faɗin Trembucker, DiMarzio na kiransa F-spaced. Hambaka mara batir na son mamurɗi 500k. In ka bar shi a 250k zai dushe. Nemi mai waya huɗu in kana son raba naɗin wata rana, wato ka kashe ɗaya ka bar ɗaya, ka kuma bi zanen kamfanin da ya yi shi, domin launin wayoyi ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni. Mai tsirkiya bakwai ko takwas ya duba siffar raminsa, tun da na masu batir da yawa dogo ne mai kusurwa huɗu.

Akwai kuma gwajin da ya kamata ya riga saye. Sa sababbin tsirkiyoyi masu kauri daidai da saukewarka. Rage gen, ka sa Tube Screamer, ƙaramin akwatin kaushi da ake takawa da ƙafa, tsakanin jita da amfilifaya, kaushinta a sifiri, ƙararta a sama. Tana yanke ƙasan da ke jawo laka kafin ya shiga. Sannan ɗauki sukundireba ka sauke fikof ɗin ta gefen tsirkiyoyi masu kauri, rabin juyi, ka buga, ka saurara, ka sake. In bayan wannan lakar na nan, to fikof ɗin ne, kuma sabon ma in ya zo sai ka yi masa wannan daidaitawar kafin ka yanke masa hukunci.